Wa Ya Kamata Ya Zaɓa wa Yaro Fannin Karatu?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Sara, a ƙasar Gwaram, ya san ba dukan masu kawo hatsi da bisashe ne su ke sayarwa don sun hango riba ba. Waɗansu tilas ce ta kawo su. A cikinsu akwai uban da ya ɗauko buhun dawa biyu, ko ya jawo ɗan bijimin da ya ke kiwo tun bara, domin ɗansa ya kusa gama sakandare, lokacin cika takardar neman shiga jami'a ya yi. A cikin takardan nan, wadda a ke cikawa a kwamfuta yanzu, akwai wani ɗan gurbi inda za a rubuta fannin da yaro zai karanta. Gurbin bai kai tsawon yatsa ba. Amma abin da aka sa a cikinsa ya kan ci shekara huɗu, ko biyar, ko shida daga kwanakin yaro, ya kuma cinye amfanin damina da yawa daga rumbun gidan.

To, wa ya ke da ikon cika gurbin nan? Uban da ya sayar da bijimi, ko yaron da zai zauna cikin aji? A bi abin da zai kawo kuɗi, ko abin da rai ya ke so? Gidaje da yawa sun yi ɓacin rai a kan tambayan nan, har uba da ɗa su yi wata guda ba su haɗa ido ba. Sabo da haka muka ga ya kyautu mu duba ta a natse.

Yadda al'amarin ya ke

Kafin mu shiga gardama, bari mu fara shimfiɗa abin da ba shi da gardama.

Zaɓin fanni ba ranar cika takarda a ke fara shi ba. Tun sa'ad da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka, a kan raba ɗalibai: waɗansu ajin kimiyya, waɗansu ajin adabi da tarihi, waɗansu ajin kasuwanci. Wanda bai karanta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ba, ƙofar likitanci ta rufe gare shi tun daga ranan nan, ko da shi ke ba wanda ya gaya masa. Iyaye da yawa ba su jin labarin rabon nan sai bayan shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan wannan sai jarrabawar fita ta WAEC ko NECO, inda yawancin fannoni su ke neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Sa'an nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978: darussa huɗu, Turanci tilas ne a cikinsu, maki duka 400. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna mata, fiye da kashi biyu cikin uku kuwa ba su kai maki 200 ba. Likitanci da lauyanci su ne masu neman maki mafi yawa, gama masu so sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba.

Shekarun ma ba ɗaya ba ne. Likitanci shekara shida ne, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti, da shekara guda ta hidimar ƙasa, watau takwas ke nan. Lauyanci biyar, da makarantar horon lauyoyi, da hidimar ƙasa. Injiniya da aikin gona biyar biyar. Yawancin sauran fannoni huɗu. Takardar malanta ta NCE shekara uku ce, ƙaramar difloma kuwa biyu. A kan wannan sai a ƙara abin da ba a rubuta a takarda ba: a 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba, ɗalibai na zaune a gida.

Makarantu kuma sun matso kusa. A 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Ga kwalejin horon malamai a Gumel, ga ta aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, ga ta ma'aikatan lafiya a Jahun, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Haɗeja da Kazaure. Yaron Sara yana da ƙofofi da yawa a yau. Yawan ƙofofin ne ma ya sa zaɓin ya yi nauyi.

Maganar uba

Uba ya kan ce, “Ni na haife shi, ni na ciyar da shi, gumina ne zai biya. Likita na ke so.” Kada mu yi saurin ba shi laifi. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Uba ya san yunwa, ya san bashi, ya san yadda a ke tsayawa a ƙofar asibiti da mara lafiya ba ka da kowa a ciki. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai san waɗannan ba tukuna. Kuɗin da za a kashe kuma ba na uba kaɗai ba ne: a ciki akwai rabon ƙanne, akwai akuyar uwa. Yaron da ya ce, “Raina ne, ba ruwan kowa,” alhali da hatsin gida zai yi tafiyar, bai faɗi gaskiya ba.

Amma akwai abu biyu da za mu tuna wa uba da ladabi. Na fari, duniyar da ya hango ta sāke. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai ta ke horarwa, kowa ya fito aiki na jiransa. Jami'ar Ibadan sai a 1948 ta samu, ta Ahmadu Bello a Zariya sai 1962. A zamanin nan masu digiri kaɗan ne ƙwarai, takarda ita ce aiki. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, sai da ya je Birmingham a Ingila ya karanto, sunansa kuwa ya cika ƙasa. Labarin irinsu ne ya zauna a zukatan iyaye, har suka ɗauka hanyar daraja uku ce tak: likita, lauya, injiniya. Yau masu digiri da ke yawo da takarda a hannu ba su ƙirguwa.

Na biyu, uba yana iya biyan kuɗin makaranta, amma ba ya iya shiga kan yaro ya zauna jarrabawa. Manomi ya san ba kowace ƙasa ce ta ke karɓar kowane iri ba. Ba ya shuka shinkafa a jigawa, ba ya kai gero fadama, komai tsadar shinkafa a kasuwa. In ya yi haka, ya yi hasarar iri da damina gaba ɗaya. Uban da ya tura yaro mai tsoron lissafi zuwa injiniya, ko mai suma da ganin jini zuwa likitanci, shi ma haka ya yi. Mun ga yaran da suka zauna jarrabawar shiga sau uku, sau huɗu, suna neman fanni ɗaya da ba za su samu ba, sa'o'insu kuwa har sun gama wani abu sun kama aiki.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani uban, da ya ga yaro ba zai ci ba, sai ya biya kuɗi a kai shi inda a ke satar amsa. Mu auna abin da ya saya. Takardar jarrabawa shaida ce, tana cewa mutumin nan ya san abu kaza. In shaidar ƙarya ce, wanda zai biya bashinta shi ne mara lafiyan da za a ba maganin da ba nasa ba, ko mutanen da za su kwana cikin ginin da aka auna ba daidai ba. Watakila ma daga gidan uban nan ne za su fito.

Maganar aljihu

Waɗansu masu ba da shawara su kan ce wa yara, “Bi abin da ranka ya ke so kurum, kuɗi za su biyo baya.” Maganan nan tana da daɗin ji, amma mai ƙoshi ne ya kan faɗe ta. Ɗan mai kuɗi in ya karanta abin da ba ya ciyarwa, gidan ubansa na nan. Ɗan talaka kuwa mutum takwas ko goma ne su ke duban hannunsa. Neman abin da za ka ci da iyalinka ba abin kunya ba ne, wajibi ne. Yaron da ya tambaya, “In na gama, wa zai biya ni, don wane aiki?” ya yi tambayar mai hankali. Tun daga 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance marar ruwa, wanda za a soma biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Taimako ne, amma bashi bashi ne, wanda ya ci shi kuwa dole ya yi lissafin inda zai samo abin biya.

Duk da haka aljihu mugun jagora ne in an bar shi shi kaɗai, sabo da dalili biyu. Na ɗaya, ba ya ganin nesa. Abin da ya ke tsada ranar da yaro ya shiga makaranta, ba lalle shi ne mai tsada ranar da zai fita ba. Manoman riɗi da wake sun san wannan: in kaya ya yi kuɗi bana, kowa ya shuka shi baɗi, farashi ya karye. Na biyu, sunan fanni ba ya biyan kowa. Gwaninta ce a ke biya. Makaniken da ya iya gyaran injin ban ruwa, ana layi a ƙofarsa, injiniyan da bai taɓa kwance inji ba kuwa yana zaune. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yaranmu su kan ce, “Ai Aliko Ɗangote a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatu, ya je Alƙahira ya karanta kasuwanci, ga shi ya fi kowa dukiya a Afirka.” Gaskiya ne. Amma su tuna ta wajen uwa jinin Alhassan Ɗantata ne, cikin fatauci ya buɗe ido, daga dangi kuma ya sami jarin farko. Dubbai sun karanta kasuwanci ba su zama shi ba. Ba a auna hanya da mutum ɗaya.

Maganar yaro

Yaro ya kan ce, “Abin da na ke so ke nan.” Shi ma yana da gaskiyarsa, gama shi ne zai tashi kowace safiya shekara talatin ko arba'in ya tafi aikin nan. Aikin da mutum ya ƙi a ransa, da ƙyar ya yi shi da kyau.

Sai dai a rarrabe tsakanin sha'awa da baiwa. Sha'awa ta kan zo daga farar rigar likita, ko motar lauya, ko abin da aka gani a waya. Baiwa kuwa kyauta ce daga Allah, tana da alamu da kowa zai iya gani. Wane darasi ne yaro ya ke ci ba da wahala ba? Wane aiki ne ya kan yi har ya manta da abinci? Don me maƙwabta su ke kiransa: gyaran rediyo, ko lissafin awo, ko duba akuya mai ciwo, ko koya wa ƙanana karatu? Sakamakon shekara uku na sakandare ya fi mafarkin dare ɗaya faɗin gaskiya. Sau da yawa kuma wani ne ya kan ga baiwar mutum kafin shi.

A Amurka an yi wani baƙar fata, George Washington Carver, wanda aka haifa cikin bauta. A 1890 ya shiga kwaleji don koyon zane da kiɗa. Malamarsa ta lura kullum tsire-tsire ya ke zanawa, ya kuwa san su ƙwarai, sai ta ba shi shawara ya koma ilimin tsirrai. Ya ji maganarta. Daga 1896 har mutuwarsa a 1943 yana koyarwa a Tuskegee, yana nuna wa matalautan manoma yadda za su huta da auduga su shuka gyaɗa da dankali don ƙasarsu da ta gaji ta farfaɗo. Ba a tilasta shi ba, bai kuma toshe kunne ba.

Wanda ba a kira shi shawara ba

Akwai mai rabo na huɗu cikin maganan nan, shi ne ba a kan tambaya ba: mutanen da za a yi wa aikin. Macen da naƙuda ta yi wa tsanani da dare a ƙauyen da ke nesa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu, tana bukatar ungozoma horarriya kusa da ita. Makiyayin da ciwo ya shiga garkensa yana bukatar malamin dabbobi. Manomin da tsutsa ta cinye masa masara yana bukatar malamin gona. Ajin da ke cike da yara yana bukatar malamin lissafi wanda ya san lissafi. In ba malamin nan, daga ina likitan gobe zai fito?

Abin mamaki, fannonin nan su ne muka fi renawa. Malanta ta zama wurin da a ke jefa wanda ya rasa ko'ina, aikin gona kuma yara su kan ce, “Mun gudu daga fartanya a komar da mu?” Alhali Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, Malam Aminu Kano ma haka. Norman Borlaug, wanda ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970, malamin tsirrai ne, irin alkamar da ya gyara a Meziko ita ta taimaki Indiya da Pakistan suka tsere wa yunwa. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce, hotonta na bayan takardar naira ashirin.

Mun sani ba daidai ba ne a ce wa ɗan talaka shi kaɗai zai ɗauki nauyin gari, ya haƙura da ƙaramin albashi, 'ya'yan manya kuwa su tafi Ingila da Saudiyya. Gyaran albashin malami da ma'aikacin lafiya hakki ne a wuyan hukuma. Amma wanda ya yi karatu da hatsin ƙauye, ƙauye yana binsa wani abu. Inda baiwarka ta gamu da bukatar mutane, a nan ne aiki ya kan yi albarka, sau da yawa kuma a nan ne abinci ya ke, gama bukata ita ce kasuwa.

Maganan nan duka ta shafi 'ya'ya mata daidai da maza. Kada a ce wa yarinya karatunta ɓarnar kuɗi ne don za ta tafi gidan wani. Kada kuma a ɗauka kowace yarinya jinya ce rabonta. In kanta na lissafi ne, a bar ta ta bi lissafi.

In an ba ka abin da ba ka nema ba

Sau da yawa jami'a ta kan ba yaro wani fanni dabam da wanda ya nema. Ya karɓa, ko ya jira baɗi? In maki kaɗan ya rasa, malamansa kuma sun shaida zai iya, jiran shekara guda ba laifi ba ne, muddin yana karatu yana kuma koyon wata sana'a. In tazarar da nisa, gara ya shiga ƙofar da ta buɗe. Mai NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a daga baya a aji biyu, watau hanyar ba ta ƙare ba. Fanni kuma ba kabari ba ne. Abubakar Imam malanta ya koya a Katsina, yana koyarwa a Midil ya shiga gasar rubuta littafi a 1933, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Dokta Ishaya Audu likitan yara ne, amma ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Abin da ya bi su daga aiki zuwa aiki shi ne ƙwazo da riƙon amana.

Abin da muka gani

Ga hukuncinmu. Kalmar ƙarshe ta yaro ce, domin shi zai ɗauki kayan, shi kuma za a tambaya abin da ya yi da baiwarsa. Amma ba shi da ikon faɗinta sai ya saurara tukuna. Uba yana da hakkin a ji shi da ladabi, yana da hakkin faɗin iyakar abin da rumbunsa zai iya ɗauka, ba ɓoye ɓoye. Ikon tilastawa ne ba shi da shi. Tambayoyin kuwa bi da bi ne: Me zan iya da gaske? A cikin abin da zan iya, wanne mutane su ke bukata? A cikin waɗannan, wanne zai ciyar da gida? Gidanmu zai iya kai ni ƙarshensa? Wanda ya fara daga ta uku ya tsallake ta fari, shi ne ya kan dawo gida bayan shekara biyu da akwati a kā.

Sabo da haka, iyaye, ku je makaranta tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, ku tambayi malamansa inda ƙarfinsa ya ke. Yara, kafin ku rubuta sunan fanni, ku nemi wanda ya ke yin aikin nan ku yini tare da shi, ku tambaye shi wahalarsa da samunsa. Ku koyi sana'ar hannu guda a lokacin hutu, ko ɗinki, ko kafinta, ko haɗa lantarkin hasken rana. Dattawa kuma, sa'ad da 'ya'yanmu masu aiki a birane suka zo gida hutun ƙarshen shekara, ku tara su da matasa wuri ɗaya, kowa ya faɗi gaskiyar aikinsa.

'Yan'uwa, a gidan da za a cika takardan nan bana, a shimfiɗa tabarma da dare ɗaya, uba da uwa da yaro su zauna, a kawo sakamakon jarrabawa, a ƙirga buhunan da ke rumbu. A gama wannan zama kafin a ja bijimi zuwa kasuwar Sara.